Zaɓen MOSFET ɗin inbata da zai jure zafin Zariya

MOSFET ƙaramin makunni ne na lantarki da ke kunna wutar batir yana kashewa da sauri a cikin inbata. Daga Maris zuwa Afrilu zafin Zariya kan kusa digiri 40, amma a cikin akwatin inbata yana iya kaiwa 60. Da wannan 60 ɗin za ka yi lissafi.

Kada amfiya 110 da ke takardar bayanin MOSFET mai lamba IRF3205 ta ruɗe ka, an auna ta ne jikinsa na kan digiri 25. Abin dubawa shi ne Rds(on), wato turjiyarsa idan yana kunne: miliyom 8 ce a sanyi, tana kusan ninkawa idan ya ɗau zafi sosai. Zafin da yake fitarwa shi ne amfiya sau amfiya sau turjiya. Idan amfiya 20 ke bi ta cikinsa, turjiyar kuma ta ninka zuwa miliyom 16 (om 0.016), 20 sau 20 sau 0.016 zai ba ka wat 6.4. Idan kowane wat yana ƙara digiri 8 daga cikinsa zuwa iska, ka samu 51, ka haɗa da 60, ya zama 111. Iyakar zafin da IRF3205 ke jurewa digiri 175 ce, amma kada ka bari ya wuce 120. In ya wuce, ƙara wani MOSFET a gefensa su raba lodi, ko ka sa faffaɗan alminiyon sanyaya.

A inbata mai taransifoma mai waya a tsakiya, MOSFET yana ganin ninkin bolt ɗin batir. Batir mai bolt 24 yana kaiwa 28 wajen caji, ninkinsa 56, IRF3205 kuwa 55 ne iyakarsa. Nemi mai jure bolt 100, kamar IRFB4110.

Man sanyaya, wanda ake sawa tsakanin MOSFET da alminiyon, a shafa shi siriri, mai kauri tare zafi yake yi. Ƙurar hunturu kuma tana toshe alminiyo da fanka, a busa su kafin bazara ta shigo.