Kwamfuta Ta Ƙi Tashi Bayan Sa Sabon Katin Girafik (Katin Da Ke Fitar Da Hoto Zuwa Monita): Matakan Gyara

Da farko kashe kwamfutar, ka zare filogi daga bango, sannan ka danne maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa 10 don ragowar wuta ta fita.

Sai ka leƙa bayan akwatin kwamfutar. Ina wayar monita take? Da yawa nan suke faɗuwa: sun sa sabon kati, amma wayar monita (HDMI) tana jone a tsohon ramin madabod, wato babban faifan cikin kwamfuta da ake dasa sauran sassa a kansa. Mayar da ita jikin katin kansa.

Idan har yanzu allo baƙi ne, buɗe akwatin. Ciro katin, ka sake dasa shi a dogon ramin kati na sama a jikin madabod, wanda ake kira PCIe, ka danna a hankali har ka ji ɗan makullin ya yi ƙas. In ka hango zinaren ƙafar katin a waje, bai zauna ba.

Nan ne na fi so ka natsu, wato batun wuta. Manyan katuna suna buƙatar wayarsu mai fil 6 ko 8 daga na'urar ba da wuta ta cikin akwatin, kuma dole kowane ramin wuta da ke jikin katin ya samu tasa. Karanta lambar wat da ke jikin na'urar. Misali, kamfanin Nvidia ya ba da shawarar wat 550 ga katinsa RTX 3060, don haka tsohuwar na'ura mai wat 300 ba za ta ɗauke shi ba. Canza ta, kar ka matsa mata.

Duba RAM ma, wato siraran sandunan ƙwaƙwalwa da ke dashe a madabod, hannu kan ture su wajen aiki.

Bai yi ba? Cire ƙaramin batirin CR2032 mai kama da kwabo da ke kan madabod na minti 5, ka mayar, saitin BIOS, manhajar da ke tada kwamfuta, zai koma na asali.

Daga nan mayar da tsohon katin. In ta tashi da shi, gwada sabon a wata kwamfutar kafin ka koma wurin mai shago.