Yadda ake saita mashigun sadarwa da iDRAC a sabar Dell PowerEdge

Da zarar ka gama ɗaure saba, wato kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima, a rak, kantar ƙarfen da ake jera irinta, ka leƙa bayanta kafin ka saka mata manhaja, domin mashigun kebul da ke wurin iri biyu ne. Akwai biyu ko huɗu a jere, waɗanda bayanan masu amfani ke bi. Sai guda ɗaya a gefe mai alamar sifana, wato ta iDRAC, wata 'yar kwamfuta mai zaman kanta da ke aiki muddin wayar wuta na jone, ko da sabar a kashe take. Ta nan za ka kunna sabar ko ka kashe ta daga nesa, shi ya sa da ita ake farawa.

Jona wannan mashiga da suwic, na'urar da ke haɗa kebul ɗin kwamfutoci, a kan VLAN, wato sashen sadarwa, da aka keɓe wa masu kula da na'urori kaɗai. Kunna sabar, ka danna F2, ka shiga iDRAC Settings, sannan Network. A NIC Selection zaɓi Dedicated, wato iDRAC ta bi mashigarta ita kaɗai, domin idan ka bar ta tana raba kebul da mashigar bayanai, ranar da kebul ɗin ya samu matsala ka rasa ƙofa ka rasa taga. Kashe DHCP, tsarin da ke raba adireshi da kansa, ka ba ta tsayayyen adireshin IP. iDRAC da yawa kan zo da 192.168.0.120, saboda haka saba biyu da ba a canja wa adireshi ba za su yi karo.

Sai kalmar sirri, kuma a nan ne aka fi sakaci. Tsofaffin samfura suna zuwa da sunan root da kalmar calvin, wadda duk duniya ta sani. Daga samfuran 2017 Dell ta koma buga kalma ta daban a ƙaramin katin da ake zarowa a gaban sabar, amma ita ma ka canja ta, tunda duk wanda ya shiga ɗakin zai iya karantawa. Kashe IPMI Over LAN idan ba ka buƙatarsa, domin IPMI 2.0, wani tsarin sarrafa saba daga nesa da ke sauraro a tashar sadarwa ta UDP 623, yana miƙa curarriyar kalmar sirri (hash) ga mai tambaya tun kafin ya tantance shi. Kada ka buɗe iDRAC ga intanet kai tsaye. A bi ta VPN, wato killatacciyar hanyar shiga daga nesa.

Mashigun bayanai ba su da wahala. A Linux, umarnin ethtool -p eno1 zai sa fitilar mashigar da ake kira eno1 ta riƙa ƙyaftawa, sai ka gane ta ka manna wa kebul ɗinta suna. Haɗa mashigu biyu su zama ɗaya, don idan ɗaya ta yanke ɗayar ta ci gaba: tsarin active-backup, inda ɗaya ke aiki ɗaya na jira, ba ya buƙatar taɓa suwic, tsarin LACP kuwa, inda duka biyun ke aiki tare, dole a saita shi a sabar da kuma suwic.

Kada ka bar ɗakin sai ka gwada. Daga wata kwamfuta buɗe adireshin iDRAC a burauza, ka kashe sabar ka sake kunna ta, ka duba ko allon nesa, wanda ke nuna maka fuskar sabar a burauza, yana buɗewa, domin yana buƙatar lasisin Enterprise. Zare kebul ɗaya na bayanai kana cikin yin ping, umarnin da ke gwada ko sabar na amsawa, ka tabbatar bai yanke ba. Inda ake yawan ɗauke wuta, sa AC Power Recovery a kan On cikin BIOS, saitin da ake shiga da F2, don sabar ta tashi da kanta idan wuta ta dawo.