Kafin ka cire turmin ƙasa: inda jijiyar muƙamuƙi take bi

Jijiyar da ke ba haƙoran ƙasa da leɓen ƙasa da haɓa ji tana shiga muƙamuƙi ta wata kafa a cikin reshensa na baya, ta bi rami a ƙarƙashin saiwoyin turame, ta fito ta wata ƙaramar kafa a ƙasan haƙora biyun da ke bayan fiƙa, galibi ƙarƙashin na biyu ko tsakaninsu. Haka littafi ya zana. Amma ma'aikacin haƙori a ƙaramin asibiti a Ringim ko Gaya zai gamu da bakunan da suka saɓa wa zanen, kuma ba shi da babban likita a ɗakin gaba.

A wajen allurar kashe zafi ake fara ganin bambancin. Ka shigo daga ɗaya ɓangaren, bisa ƙananan turame (haƙora biyun nan da ke bayan fiƙa), ka soka kamar milimita 6 zuwa 10 sama da saman turamen ƙasa, ka zurfafa milimita 20 zuwa 25 har ka taɓa ƙashi. Ka ja matsin sirinjin baya ka tabbata ba jini, sannan ka zuba maganin kashe zafi na lidoken mai kashi 2 cikin ɗari a hankali. Idan ba ka taɓa ƙashi ba, kada ka zuba: allurar ta yi baya, tana iya shanye gefen fuska na wasu awanni. A yara kafar shigar jijiyar tana ƙasa-ƙasa, sai ka sauko.

Idan leɓe bai mutu ba bayan minti 5, wataƙila allurar ce ta kuskure. Idan kuwa leɓe ya mutu amma haƙori yana zafi, ka saurari mai ciwon, kada ka ce raki ne. Wani ramin jijiyarsa biyu ne, wani yana da ƙaramin reshe a ƙashin bayan turmi na ƙarshe, wani kuma jijiyar ƙasan baki ce ke ba turminsa ji ta ɓangaren harshe. Ƙara magani a dasashi ta waje da ta ciki kan magance wannan. Kumburi da ruɓa ma suna hana magani kamawa. Reshen bayan turmin yana tafe da jijiyar jini, shi ya sa yanka a wurin kan zubar da jini fiye da zato. Ka danna da auduga, ka ɗinke.

Turmi na uku, na can ƙurya, shi ne mai hatsari. Kada a taɓa wanda ya kwanta ko ya maƙale ba tare da hoton eksire ba. A hoton, ramin yana fitowa kamar baƙin layi tsakanin fararen layuka biyu. Binciken Rood da Shehab na 1990 ya jera alamomi bakwai, uku sun fi nauyi: saiwa ta yi duhu a inda ramin ya ratsa ta, farin layin ya yanke, ko ramin ya karkace a wurin saiwar. Ka ga ɗaya daga ciki, ka ajiye kayan aiki ka rubuta takarda zuwa sashen tiyatar baki da muƙamuƙi, kamar na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Can za su iya cire kan haƙorin kawai su bar saiwar kamar milimita 3 ƙasa da bakin ƙashi, muddin ba ta ruɓe ko girgiza ba. Manomi zai ce damina ce, ba kuɗin mota, a cire kawai. Ka gaya masa gaskiya: Baba, in jijiyar ta yanke, leɓen na iya mutuwa har abada, koko zai zuba ba ka sani ba.

Wajen fitar jijiyar ma akwai tarko. A wasu mutane takan wuce kafar da 'yan milimita sannan ta juyo baya ta fito, wasu kuma kafar biyu ce. Don haka yankan ƙurji ko ɗaga dasashi a nan ya tsaya kusa da wuyan haƙori. A tsohuwar da haƙoranta suka zube, ƙashi ya zaizaye har kafar ta hau sama. Haƙoran roba na danne ta, sai a rage robar a daidai wurin.

Washegarin cirewa ka taɓa leɓe da haɓa da gefen harshe da auduga, ido a rufe. Idan har yanzu a mace suke, ka rubuta ranar da iyakar wurin, ka tura mai ciwon sashen tiyatar cikin makon, domin gyaran jijiya ya fi kamawa a watannin farko.