Yadda ake zaɓen kayan binciken da zai nuna abin da ke karya shinkafa a injin casa

Tsaki ya yi yawa a buhu. Manaja ya ce danshin shanshera ne, mai kula da inji ya ce a'a, robar ɓare shanshera ce ta cinye. Kowa da hujjarsa, amma babu mai lamba a hannu. A nan ne sababbin masu duba inganci ke ɗauko kayan bincike bakwai, wato zane-zane da jadawalan gano matsalar inganci, waɗanda Kaoru Ishikawa, masanin inganci ɗan Japan, ya yayata, su zana su duka, su ɓata mako guda. Kowanne da tambayar da yake amsawa, kuma ba duka ne ke nuna alaƙa tsakanin abu biyu ba.

Fara da zanen ƙashin kifi, inda matsalar ke zama kan kifin, dalilan da ake zargi su zama ƙasusuwansa, amma kada ka ba shi fiye da awa ɗaya. Ka tara masu aikin, ku jera duk abin da ake zargi: danshi, irin shinkafar, tazarar robobin ɓare, saurin zuba shanshera, yadda aka turara ta. Wannan zane zato kawai yake tattarawa, ba ya tabbatar da komai. Zanen Pareto zai gaya maka wace matsala ta fi yawa, tsaki ko duwatsu ko baƙaƙen ƙwayoyi. Jadawalin bibiya da Walter Shewhart ya fito da shi a 1924 abu ɗaya yake bi cikin lokaci. Ajiye su biyun tukuna. Idan abu biyun da kake zargi duk ana iya auna su da lamba, zanen ɗige-ɗige ne naka, wanda ke nuna alaƙarsu ta hanyar ɗigo a takarda. Idan ɗayan rukuni ne, kamar irin shinkafa ko ma'aikatan safe da na dare, rarraba bayanai za ka yi ka kwatanta.

Wurin da aikin ke lalacewa shi ne tattara lambobin. Kowane ɗigo lamba biyu ce daga kaya ɗaya. Wanda ya auna danshin shansherar da ke shiga yanzu, ya ɗebi shinkafar da ke fitowa a daidai lokacin, ya haɗa kaya biyu daban, domin wadda ke fitowa ta shiga tun ɗazu. Ba wa kowane kason shanshera da za a zuba a inji lamba, ka bi shi har bakin buhu. Auna danshinsa sau uku, daga sama da tsakiya da ƙasan tarin, ka ɗauki matsakaici. Idan ya fito, ɗebi giram 100, ka ware duk ƙwayar da ba ta kai kashi uku cikin huɗu na tsawon cikakkiya ba, ka ɗora a sikeli. Nauyin da ka samu shi ne kason tsaki cikin ɗari. Mutum ɗaya ya riƙa yin warewar daga farko har ƙarshe. Kada ka zana komai sai ka tara kaso 30 aƙalla, kuma a gefen kowanne ka rubuta irin shinkafar, injin da ya casa, da ranar da aka sa roba sabuwa. Na'urar auna danshi ce kaɗai za ta ci kuɗi. Takarda mai layi-layi ta wadatar wajen zanen.

Sa danshi a layin kwance, tsaki a layin tsaye. Kalli zanen da idonka kafin ka taɓa kwamfuta. Mutane da yawa sai su ruga manhajar Excel, su sa dabarar lissafinta mai suna CORREL ta ba su lambar alaƙa, wadda ke tsakanin -1 da +1, su ga ta kusa sifili, su ce danshi ba shi da laifi. Kuskure ne babba. Lambar nan alaƙar da ke tafiya a miƙe kawai take gani, ita kuwa shinkafa ba haka take ba. Ta fi casuwa a danshin kusan kashi 14 cikin ɗari. Idan ta fi haka jiƙa sosai, ƙwayar na da laushi, sai ta murƙushe. Idan ta bushe ƙayau, sai ta riƙa karyewa. Ɗigon za su yi siffar ƙwarya, sama a gefe biyu, ƙasa a tsakiya, hawa da sauka su cinye juna a lissafi. Idan ka ga haka, raba zanen biyu a gindin ƙwaryar, ka duba kowane ɓangare shi kaɗai.

Idan ɗigon sun watse babu siffa, kada ka yanke hukunci. Sake zana su da biro kala biyu, irin shinkafar FARO 44 da ja, ɗaya irin da shuɗi, ko sabuwar roba da tsohuwa. Sau da yawa a lokacin ne layi biyu ke bayyana daga cikin hargitsin. A kuma lura da shansherar da ta bushe a rana sannan raɓa ta sake jiƙa ta: ƙwayar ta riga ta tsage a cikin ɓawo, na'ura za ta nuna danshi daidai, amma tsaki zai hau.

Ko alaƙar ta fito fili, ba ta tabbatar da cewa danshin ne sanadi ba, sai an gwada da gangan. Zaɓi danshi biyu da tazarar roba biyu, haɗi huɗu ke nan. Casa kowanne sau uku daga shanshera iri ɗaya, ka cakuɗa jerin ta hanyar ƙuri'a don kada zafin inji ya bi gefe ɗaya. Saitin da ya ba da tsaki mafi ƙanƙanta shi za ka rubuta a jikin injin, sannan ka ɗauko jadawalin Shewhart ka riƙa sa kason tsaki na kowace rana.