Yadda nake yi wa kurmin cikin kasko aski

Ɗan ƙanwata da ke karatu a Faransa ne ya jawo min wannan aiki. Ya zo hutu Yamai da ɗan ƙullin iri, ya ce, "Kawu, da wannan ake yin kurmi guda a cikin faranti, bonsai ake ce masa." Sunan itacen Metasekoya. A 1941 wani masanin Japan, Shigeru Miki, ya raɗa masa suna daga sawun ganyensa da aka gani a jikin dutse, ana zaton ya ƙare tun zamanin da. Sai ga shi an same shi da ransa a wani ƙauye na tsakiyar ƙasar Sin, a 1948 kuma aka rarraba irinsa duniya. Itace ne mai son danshi, mai son sanyin da zai sa ya zubar da ganye ya huta. Na shuka a Disamba, guda goma sha ɗaya suka fito, ina ta yi wa maƙwabta burga. Afrilu na shigowa da zafin nan namu da ke haura awo 40, cikin mako biyu suka ƙone ƙurmus, duk da ruwan da nake ɗura musu safe da yamma.

Saboda haka na ɗauki dabarar askin Metasekoya na mayar kan tsamiya, wadda rana ba ta ba ta tsoro. Bakwai gare ni yanzu cikin kasko mai faɗi, zurfinsa bai kai tsawon yatsa ba. Mutanen Japan sun fi son lissafin mara, biyar ko bakwai ko tara, don kada ido ya raba su gida biyu.

Kafin ka taɓa almakashi, ka san wane ne sarki. A kowane kurmi akwai itace ɗaya da ya fi kowa kauri da tsawo, yana tsaye gaba kaɗan, ba a tsakiyar kasko daidai ba. Kusa da shi waziri, sauran fadawa ne, ƙananan ciki suna can baya don ido ya ga kamar dajin ya yi nisa. Duk askin da za ka yi, wannan bambanci kake karewa. A nan na yi ɓarnata ta farko. Na ga kawunan sun yi tsiri-tsiri, na bi su na datse daidai wa daida. Uwargida ta leƙo ta ce, "Malam, wannan ai ƴan makaranta ne a layi, ba daji ba." Sai da na yi damina biyu kafin sarki ya sake fin fadawansa.

Ga yadda ake rage tsawo. Nemi ƙaramin reshe da ke ƙasa da inda kake son itacen ya tsaya, wanda ya ɗan kalli sama. Yanke gangar a bisansa, yankan karkace, fuskar ciwon tana kallon bayan kasko don mai kallo kada ya gani. Ɗaga reshen nan da waya ya miƙe, shi ne sabon kai. Da haka gangar ke sirancewa a hankali daga gindi zuwa sama, irin ta tsohon itace. Nawa sarkin santimita 60 ne, waziri 50, autansu bai wuce 25 ba. In ka ja baya ka dube su gaba ɗaya, kawunan su sauko ta gefe biyu, ɗaya gefen ya fi ɗaya tsawo.

Sai rassa. Zauna a kan tabarma, idonka daidai bakin kasko, ka leƙa tsakanin itatuwan. Duk reshen da ya nufi ciki yana cakar ɗan'uwansa, cire shi daga tushe, ko ka bar shi ma inuwa za ta kashe shi. Na bakin gefe su ke da izinin miƙa hannu waje. Kashi ɗaya cikin uku na gangar sarki daga ƙasa a bar shi fayau, amma ƙananan baya a bar musu rassan ƙasa su toshe bango. Metasekoya na fitar da rassa biyu-biyu suna fuskantar juna, dole a cire ɗaya, in ba haka ba wurin ya kumbura ya yi ƙulu. Tsamiya ta hutar da mu wannan, nata ɗaya bayan ɗaya suke fita.

Lokaci ya bambanta. A ƙasashen sanyi ana yi wa Metasekoya babban yanka a ƙarshen sanyi, kafin toho ya buɗe. Mu nan ina jira sai ruwa ya zauna, wajen ƙarshen Yuni ko farkon Yuli. Wanda ya yi babban yanka a bazara ya kashe abinsa da hannunsa.

Ƙaramin aski kuwa duk damina ne. Bar sabon toho ya yi ganye shida, ka mayar da shi biyu. Yanke karan tsakanin ganye da ganye, kada almakashi ya ratsa ganyen kansa, bakinsa zai bushe ya yi ja. Sama ta fi ƙasa ƙarfi, don haka ka matsa wa sama, ka sassauta wa rassan ƙasa. Haka tsakanin itatuwan: fadawa nake yawan tsinka, sarki kuma in ƙyale shi ya yi ɗan gashi, ganyen nan ne ke ƙara masa kauri. Da hantsi nake wannan aiki, domin da magariba tsamiya na naɗe ganyenta, ba za ka ga ainihin cikar reshe ba.

Wayar alminiyon nake saye a kasuwar Katako, mai laushi. Ka riƙa duba ta kowane mako, da damina ba ta daɗewa take nutsewa cikin ɓawo, tabon kuma ba ya gushewa da wuri. Saiwa bayan shekara biyu: ɗago kurmin gaba ɗaya kamar waina, kada ka raba su, rage gefe da ƙasa kaɗan, ka mayar da sabuwar ƙasa mai tsakuwar marmara da yashin kogi da ɗan ruɓaɓɓen taki.

Bayan kowane babban aski kaskon na kwana goma ƙarƙashin rumfar zana, a bisa bulo huɗu saboda gara da akuyar maƙwabcina. Shi maƙwabcin har yau in ya shigo sai ya yi sallama sau biyu, ɗaya gare ni, ɗaya ga kaskon. Ya ce tsamiya guda ma ba a rasa masu ita, balle bakwai.