Yadda ake gane katin ɗan ƙwallo mai sa hannun jabu kafin a tura kuɗi

Mai bin zaurukan saye da sayarwa a Facebook da WhatsApp daga nan Damagaram yakan ci karo da tallar katin Messi ko na Mbappé ko na Sadio Mané, da sa hannu shuɗi a kai, ana cewa ɗan wasan ne ya sa da kansa. Yawancin masu saye sa hannun suke ƙura wa ido, suna gwada shi da wanda suka gani a intanet, kuma nan ake cin su. Mai jabu ya fi ka sanin lanƙwasar sa hannun Ronaldo, don sana'arsa ke nan. Abin da ke ba shi wuya shi ne katin kansa: wa ya buga shi, a wace shekara, mece ce lambarsa. Waɗannan kuwa kana iya bincikarsu da wayarka kana zaune a Birni ko Zango, ba ka kashe komai ba sai kuɗin data.

Fara da bayan kati. Ka ce a turo maka hotonsa sarai, har ƙananan rubutun ƙasa su karantu, domin a nan ake samun sunan kamfani, shekara da lambar kati. Manyan masu buga katin ƙwallon ƙafa biyu ne: Panini na Modena a Italiya, wanda aka kafa a 1961 kuma yake fitar da kayan gasar cin kofin duniya tun 1970, da Topps na Amurka, wanda Fanatics ya saya a 2022, mai riƙe da izinin gasar zakarun Turai tun kakar 2015/16. Don haka katin Qatar 2022 mai tambarin FIFA da sunan Topps ya riga ya tona asirin kansa. Akwai ƙananan kamfanoni na gaske irin su Leaf da Futera, su ma ana bincikarsu ta hanya ɗaya.

Kowane jerin katuna da kamfani ya fitar yana da lissafinsa: sunan kowane ɗan wasa, lambarsa, da ko akwai mai sa hannu a ciki. Ana samun wannan lissafi kyauta a shafin Beckett ko na Trading Card Database. Ka rubuta sunan jerin da shekarar, ka nemi ɗan wasan. In ba ya cikin waɗanda suka sa hannu a wannan jeri, magana ta ƙare, komai kyawun katin. Ka kuma gwada riga da shekara. Messi ya koma Inter Miami a watan Yulin 2023, Ronaldo ya fara wa Al Nassr wasa a Janairun 2023, Mbappé ya tafi Real Madrid a 2024. Katin da ya ce 2021 a baya, ga Messi da rigar Miami a gaba, ɗan buge ne.

Sa hannu iri uku ne a wannan harka, kuma rashin bambance su ya fi jabun kansa cin kuɗin mutane. Na farko shi ne wanda kamfani ya sa aka yi, ya saka a fakiti. Ko dai ɗan wasan ya rubuta a jikin katin, ko ya rubuta a kan wata ƴar leda mai sheƙi aka manna. Irin wannan yana ɗauke da lamunin kamfani a rubuce: na Topps ana buga "Topps Certified Autograph Issue" a gaba, na Panini kuma akwai jimla a baya da ke cewa kamfanin ya lamunci sa hannun. Sau da yawa akwai lamba irin 12/99 da aka danna da ruwan zinariya ko na azurfa, ma'ana na goma sha biyu cikin casa'in da tara. Lambar nan in ka shafa da yatsa kana ɗan jin ta. Ta jabu shafe take da takarda.

Na biyu, kati ne na yau da kullum da wani ya ce ya tari ɗan wasan a filin atisaye ya sa masa hannu. Katin na gaske ne, zai wuce duk gwajin takarda, amma kowa na iya sayen alƙalamin maka (marker) shuɗi ya zana a kai. Ra'ayina a nan ba ya da lauje: in ba wani kamfanin tantancewa ya duba shi ya rufe ba, kuɗin katin banza kawai za ka biya.

Na uku shi ne sa hannun da aka buga da inji tare da hoton. Katunan yara na Match Attax da Adrenalyn XL suna da irinsa da yawa, kuma ba jabu ba ne, ado ne. Zaluncin yana zuwa ne lokacin da dillali ya ɗauki katin da bai kai jika guda ba ya ce hannun ɗan wasa ne. A shafukan saye da sayarwa na eBay da Vinted kuma, ka karanta tallar har ƙarshe; kalmomi irin "reprint", "RP", "custom", "facsimile" ko "reproduction" duk suna nufin kwafi ne, an ɓoye su a ƙasa don mai sayarwa ya sami abin kare kansa.

Mamaci ma ana sa masa hannu. Maradona ya rasu ranar 25 ga Nuwamban 2020, Pelé ranar 29 ga Disamban 2022. Kamfani na iya fitar da sabon kati da ledar da suka sa wa hannu tun suna raye, amma tawada a jikin katin da aka buga bayan rasuwarsu ba ta da wata fassara.

Sai yanzu za a zo kan tawada. Madubin da ke ƙara girma sau goma ya isa, kuma masu gyaran waya da dama suna da irinsa ko wanda ya fi shi a kan teburinsu. Ka aza katin a ƙasa. Sa hannun inji zai watse ya zama ƙananan ɗigo-ɗigo masu launi, iri ɗaya da na fuskar ɗan wasan da rigarsa. Tawadar maka kuwa layi ne ɗaya a kwance bisa takarda: inda layi ya haye layi ya fi duhu, inda hannu ya yi sauri ya sirance, wutsiyarsa ta ƙare kamar an fizge. Karkata katin a hasken tocila, za ka ga sheƙin tawadar daban da na katin. Mai kwaikwayo da hannu a hankali yake tafiya, shi ya sa layinsa ke da kauri ɗaya, da ɗan rawa a lanƙwasa, da ɗigo mai nauyi inda ya tsaya ya duba. Akwai kuma injin da ke riƙe alƙalami na gaske. Shi ana kama shi ne da maimaici, domin mutum ba ya sa hannu sau biyu su fito daidai da daidai. In dillali yana da katin Osimhen uku kuma sa hannun ya hau kan juna ba bambanci, inji ne. Kada ka gwada da miyau ko alkol: in na gaske ne ka goge dukiyarka.

Katin da ke rufe cikin gidan roba mai tambarin kamfanin tantancewa irin PSA, Beckett, SGC ko CGC ya fi kwantar da hankali, amma gidan ma ana yin jabunsa. A kan takardar sama akwai lambar rajista. Ka shiga shafin kamfanin da kanka, kada ka bi adireshin da mai sayarwa ya turo, ka rubuta lambar. Suna, shekara, jeri da maki, daga 1 zuwa 10, dole su dace. Ɓarayi sukan kwafi lambar kati na gaske su manna a na jabu, saboda haka in akwai hoto a rajistar ka gwada shi da naka, musamman inda sa hannun ya faro da inda ya ƙare da lambar 12/99 ɗin. Ka karanta takardar da kyau: wani lokaci katin kawai aka tantance, ba a ce komai kan sa hannun ba. Gefen roba mai fari-fari ko alamar gam na nuna an fasa an sake rufewa.

Takardar shaida da mai sayarwa ya buga da kansa, mai hatimi da ruwan zinariya, ba ta da wani nauyi. Binciken da hukumar FBI ta Amurka ta yi mai suna Operation Bullpen, wanda ya kai ga samame a 1999, ya gano cewa kayan jabun da takardun shaidarsu suke fita.

Farashi kuma kada ka duba abin da ake nema, ka duba abin da aka saya. A eBay akwai wurin tace kayan da aka riga aka sayar. Yuro ɗaya sefa 655,957 ne, lissafin ba wuya. Katin da ake saye Yuro 500 a Turai ya haura jika ɗari uku da ashirin. Wanda ya ce zai ba ka shi jika ashirin don yana gaggawa, ba rahusa yake maka ba.

Wani ma ba ya da katin sam, hoton wani ya sata. Ka sa hoton a Google Lens ka ga ko ya fito a tallar wani. Sannan ka ce masa: "Malam, don Allah rubuta sunanka da kwanan yau a takarda, ka aza kusa da katin, ka yi mini bidiyo kana juya shi gaba da baya." Mai kaya a hannu minti biyu ya ishe shi. Kuɗin da ka tura ta Nita ko Amana ko Airtel Money, da zarar an karɓa, dawo da shi sai ikon Allah, don haka in dillalin yana Yamai ko Kano ka sa wani naka ya je ya gani da idonsa kafin a biya. In ɗan'uwa ne a Faransa zai saya maka ta PayPal, ya biya ta layin sayen kaya, wanda ke ba da damar kai ƙara, ba ta layin aika wa dangi ba.

Ranar da kaya ya iso, ka kunna bidiyo tun kafin ka yage ambulan, ka buɗe ba tare da tsayar da ɗauka ba. Ka auna da rula: yawancin katunan Topps da Panini masu sa hannu santimita 6,4 ne a faɗi, 8,9 a tsawo, kusurwoyi a yanke tsaf. Na jabu yakan zo da laushi, launinsa ya dushe ko ya yi ja da yawa, ƙananan haruffan baya sun cakuɗe. In ya wuce duka, ka sa shi a leda mai laushi, sannan a roba mai tauri, ka ajiye a akwati nesa da taga, domin ranar Damagaram tana kashe tawadar maka, ƙurar hunturu kuma tana karce fuskar katuna masu sheƙi irin Chrome da Prizm.