Yadda za ka nemo ɗan ɓangaren da ya faɗi kana haɗa ƙaramin jirgin roba

Masu haɗa ƙananan jiragen sama da tankokin yaƙi na roba, irin na kamfanonin Airfix da Tamiya, sun ishe ni da tambayar nan. A sikelin 1/72, wato inda aka rage girman ainihin jirgin ko tankar sau 72, wani ɓangaren bai kai ƙwayar gero ba. Ga yadda nake yi:

1. Tsaya cak, kada ka ɗaga ƙafa.

2. Kashe fanka.

3. Laluba jikinka: cinya, aljihun gaba, naɗin hannun riga. Ni dai na taɓa share ɗaki kaf, ashe tayar jirgin tana maƙale a yatsana da gam.

4. Kashe wutar ɗakin.

5. Kwantar da tocila a ƙasa, haskenta ya bi daɓe. Komai ƙanƙantar abu, inuwarsa za ta miƙe ta tona shi.

6. Faɗaɗa nema har gindin bango. Abin da ya kufce daga hantsaki tsalle yake yi, ba ya faɗuwa inda kake zato.

Hattara: maganaɗisu ba ya kama roba ko tagulla. Kada ka ɓata lokacinka.

7. In bai fito ba, tattara ƙurar wurin da burushi mai laushi a kan farar takarda. Ban da tsintsiya, watsar da shi za ta yi.

8. Tona ƙurar da tsinken sakace.

9. Da ka gan shi, ɗauke shi da guntun salatef.

10. Ɓangare na gaba kuwa, yanke shi a cikin farar leda, don kada ya yi tsalle ya ɓace.